Alhassan Ɗantata: Attajirin da ya gina dukiya da labari, lissafi da amana

A duk lokacin da aka ambaci Alhaji Alhassan Ɗantata, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne dalar gyaɗa da raƙuma ɗauke da kuɗin azurfa. Ba a cika tsayawa a tambayi yadda maraya daga Bebeji, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, ya iya ciniki da kamfanonin da hedikwatarsu ke Landan da Libaful, har ya zama mutumin da ake yi wa kallon ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma lokacin da ya rasu a 1955.

Amsar tana da amfani ga dubban ɗaliban da ke karanta kasuwancin ƙasa da ƙasa a yau, waɗanda ake tilasta wa koyon kwamfuta tun a shekarar farko, wasu kuma suna ganin darasin ɓata lokaci ne. A zamanin Ɗantata babu kwamfuta, amma akwai kayan sadarwa da na adana bayanai irin na lokacin: wasiƙa, wayar tangaraho, littafin lissafi, sikeli da banki. Wanda ya iya amfani da su ya wuce gaba. Wanda ya raina su kuma, ko da ya gaji dukiya, an bar shi a baya.

Maraya a Bebeji

An haifi Alhassan a 1877 a garin Bebeji da ke masarautar Kano. Iyayensa Agalawa ne, wato zuriyar fataken da suka yi suna wajen safarar goro. Kakansa Baba Talatin ya taso ne daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, kuma ya zaɓi zama a Bebeji saboda garin yana kan hanyar ayarin da ke fita daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau.

Alhassan yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara, birnin da fatake ke kira Ankara, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah aka samo laƙabin Ɗantata.

Gadon da ya samu bai daɗe ba ya ƙare. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, yana karatu yana ƙananan sana'o'i domin ya ci da kansa, kuma tun a lokacin aka san shi da ajiya a asusu. Abu biyu ya fita da su daga wannan ƙuruciya: iya karatu da rubutu da haruffan Larabci, da kuma sanin darajar kowane wuri da ya shigo hannunsa.

Yana ɗan kimanin shekara 15 ya bi ayari zuwa Gwanja, ya zarce har Akara wurin mahaifiyarsa. Wannan tafiya ce ta fara nuna masa bakin teku, da jiragen ruwa, da yadda Turawa ke ciniki da takarda.

Bayan ya dawo gida sai Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893, tsakanin magoya bayan Sarki Tukur da Yusufawa. Bebeji tana ɓangaren Tukur, wanda aka ci da yaƙi. An kama Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, aka mayar da su bayi, sai daga baya suka fanshi kansu. Saurayin da zai zama babban attajirin Kano ya soma rayuwar manyantaka ne ba shi da komai sai 'yancinsa.

Makarantar ayari

Fataucin goro makaranta ce mai zaman kanta. Tafiya daga Kano zuwa kasuwar Salaga da dawowa takan ci watanni da yawa, wani lokaci ta kusa shekara. Goro kuwa ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Dole a naɗe shi da ganye, a riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya lalace. Kowace rana da aka ƙara a hanya asara ce.

Saboda haka labari ya zama haja. Madugu yana bukatar ya san inda 'yan fashi suka tare, da sarkin da ya ƙara kuɗin fito, da nawa ake sayar da ƙwaryar goro a kasuwar da ke gaba. Ana samun wannan labari ne a zango, daga bakin fatoma da dillalai da ayarin da aka yi kiciɓis da shi. Bashi da saƙo kuma ana rubuta su da Larabci ko ajami, a ba amintacce ya kai. Lissafin kuɗi ma ba wasa ba ne, domin ana ƙirga wuri dubu-dubu, ga kuma azurfa da ake canzawa da shi, kuma darajarsu tana bambanta daga gari zuwa gari. Duk falken da ya ƙware a wannan, ya riga ya san abin da yau ake kira canjin kuɗi.

Abin da ya bambanta Ɗantata da sauran fatake shi ne saurin gane cewa hanya ta sauya. Tun wajen 1906 ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga tashoshin Akara da Sakandi zuwa Legas, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. Tafiyar da jakuna ke yi a watanni ta koma ta kwanaki. Sai dai jirgin ruwa ba ya karɓar kaya da baki. Akwai takardar lodi, akwai rasit, akwai ranar tashi da ba ta jiran kowa, akwai jami'an kwastan. Ɗantata ya koyi hulɗa da wannan sabon tsari tun yawancin tsaransa suna ɗari-ɗari da shi. Banda goro, ya riƙa kawo duwatsun ado da tufafin Turai yana sayarwa a Arewa.

Jirgin ƙasa ya iso

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Cikin 'yan shekaru suka ja wayar tangaraho ta haɗa Kano da sauran manyan garuruwa har Legas, ita kuma Legas tun 1886 aka haɗa ta da Landan ta wayar ƙarƙashin teku. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa.

Wannan ya sauya fasalin bayan ganuwa baki ɗaya. Fagge, wadda tun da can ita ce masaukin ayarin raƙuman Buzaye da baƙin fatake, ta samu kanta a tsakanin tsohon birni da tashar jirgi. Kamfanonin Turawa irin su Niger Company da John Holt da Paterson Zochonis da CFAO suka kafa kantuna kusa da tashar. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake a yau. A wajen 1913 kuma aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da suka zo daga kudancin Najeriya da Saliyo da Gwalkwas.

Waɗannan akawuna na Sabon Gari su ne masu fasahar zamani na wancan lokaci. Su suka iya buga tafireta, su suka iya tsara littafin shiga da fita, su ke zaune a gidan waya suna aikawa da karɓar saƙo. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa, ba ta fara ba sai 1909, saboda haka 'yan ƙasa da suka iya wannan aiki ba su da yawa. Duk attajirin birni da ke son ciniki da kamfani, dole ya nemi mai karanta masa takardar Turanci, ya kuma san yadda zai tabbatar ba a cuce shi a cikinta ba.

Turawa sun shimfiɗa dogon ne da fatan samun auduga domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ana iya cin ta idan aka shiga yunwa. A daidai lokacin masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man gyaɗa su yi man shafa wa burodi, ga kuma sabulu, don haka bukatarta ta yi sama. Attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna shaida wa manoma cewa akwai mai sayen gyaɗa. Cikin kaka ɗaya zuwa biyu tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya gaza kwashewa.

A wannan yanayi ne Ɗantata ya dawo ya kafa gida a Kano, a yankin Koki da Sarari, ba nisa da ƙofofin da ke fita Fagge.

Daga Libaful zuwa sikelin ƙauye

A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi a matsayin wakilin sayen gyaɗa. Ya shigo harkar a bayan wasu, amma zuwa 1922 ya zarce su duka, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Domin a gane yadda hakan ta faru, sai an dubi yadda cinikin yake tafiya. Farashin gyaɗa ba a Kano ake yanke shi ba. A kasuwannin Ingila yake hawa da sauka, a bugo wa Legas ta waya, Legas ta bugo wa manajan kanti a Kano. Da yake kuɗin tangaraho kalma-kalma ake biya, saƙon gajere ne, kuma manyan kamfanoni suna da littattafan kalmomin sirri domin kada abokin gasa ya fahimci abin da aka aiko. Manaja zai cire kuɗin jirgin ƙasa na kusan mil 700 zuwa Legas, da na jirgin ruwa, da ribar kamfani, sannan ya faɗi farashin tan ɗaya a ranar.

Daga nan aiki ya koma hannun wakili. Kamfani yakan ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su kuma su rarraba wa nasu yaran a kasuwannin ƙauye. Mudu ya taru ya zama buhu, buhu wajen 13 ya zama tan. Idan farashi ya tashi a kanti, wanda ya riga isar da labari ga yaransa shi zai saye kayan kasuwa. Idan ya faɗi, wanda labari ya makara a wurinsa zai ci gaba da saye da tsada, ya wayi gari da asara.

Ɗantata ya zo da abin da ya koya a hanyar Gwanja: mutane amintattu a garuruwa da yawa, saurin aika saƙo, da bin diddigin bashi. Yana da wakilai birjik a ƙasar Kano da maƙwabtanta, yana da akawuna da mai kula da kuɗi, har uwargidansa tana gudanar da ciniki da matan kulle a madadinsa. Mutumin da ya raba kuɗi a hannun jama'a masu yawa haka ba zai dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Sai da rubutu, sai da ranar da kowa zai zo ya ba da lissafi.

An ga amfanin wannan tsari lokacin da kasuwa ta juya. Farashin gyaɗa ya rushe a 1920 zuwa 1921, ya sake rushewa bayan karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929. 'Yan kasuwa da dama sun durƙushe da bashin kamfani a wuyansu. Ɗantata ya tsallake duka biyun, domin bai zuba ƙwansa a harka ɗaya ba: yana goro, yana shanu da fatu, yana tufafi da hatsi, ga filaye da gidaje. Bayan da aka haɗe Niger Company da wani kamfani aka kafa UAC a 1929, ya zama babban mai sayo musu gyaɗa, kuma babban mai rarraba kayan da suke shigowa da su.

Raƙuma a ƙofar banki

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na ranar da ya kai raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa bankin Turawa na Bank of British West Africa, wanda ya rikiɗe ya zama First Bank na yau. Yawanci ana ba da labarin ne domin nuna yawan dukiyarsa, amma akwai darasi a ciki da ya fi wannan.

A lokacin, attajiri yakan binne kuɗinsa a tukwane ko ya kulle a ɗaki. Miƙa wa baƙo dukiya a karɓi 'yar takarda abu ne da hankalin mutane da yawa bai ɗauka ba. Ɗantata ya gane cewa da wannan takarda zai iya biyan kuɗi a Legas ko Akara ba tare da ya ɗora ko sule ɗaya a bayan jaki ba. Kuɗi ya zama saƙon da waya ke iya kaiwa. Wannan shi ne kakan tura kuɗi ta wayar salula da ake yi yau a kowane shago.

Ya yi aikin Hajji a shekarun 1920 ta jirgin ruwa, a zamanin da yawancin alhazan ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa ta Sudan suna shafe shekaru. Ya kuma taimaka wa mutane da dama suka sauke farali.

Sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa, domin shi ake danganta wa fara jera buhuna a wannan siffa. Dala ɗaya takan ɗauki buhu kusan 15,000. Ta samo asali ne daga gazawar jirgin ƙasa wajen kwashe amfanin kaka a kan lokaci, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jerin yana kare kaya idan an lulluɓe shi, kuma yana sauƙaƙa ƙidaya, tunda kowace dala an san adadin da ke cikinta.

Tanadin magada

A lokacin yaƙin, gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe ikon sayen gyaɗa, a 1949 kuma aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya. Daga nan hukuma ce ke yanke farashi, kuma sai mai lasisi ne zai saya mata. Samun lasisin yana bukatar jari da rumbun ajiya da littattafan lissafi da za a iya bincika. Wannan sharaɗi ya sa harkar ta daɗe a hannun Turawa da Kwarori. A farkon shekarun 1950 gidan Ɗantata ya shiga sahun masu lasisin kansu. Yana kuma cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa Kano Citizens Trading Company domin 'yan ƙasa su samu ƙarfin gogayya da baƙi.

Bai bar 'ya'yansa su dogara da akawun haya ba. Ya haɗa musu karatun addini da na boko, har ya kafa makaranta ta gida. Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu duk sun shiga kasuwanci tun yana raye, kowa ya fara daga ƙasa. Aminu, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2025, ya soma ne da sayen gyaɗa a 1948. Mamuda kuwa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta na Turanci ya zama Wapa. Unguwar da ke ɗauke da wannan suna a Fagge ita ce babbar cibiyar 'yan canji a Kano a yau.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke Sarari. Dukiyar ba ta bi shi kabari ba. Aliko Ɗangote, ɗan Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, tattaɓa-kunnensa ne.

Abin da ya rage ga ɗalibin yau

Fagge da Sabon Gari har yanzu ƙofar Kano ce zuwa kasuwar duniya. Bambancin shi ne atamfa da shadda na Kantin Kwari daga Sin da Dubai da Indiya suke zuwa, farashi kuma a WhatsApp yake isowa cikin daƙiƙa. Kowane aiki da Ɗantata ya ɗauki akawu ya yi masa, yau ana sa ran ɗalibin da ya fito daga Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ya yi shi da hannunsa.

Littafin shiga da fita ya koma manhajar Excel. A cikinta ne ɗan kasuwa zai haɗa kuɗin kaya da na jirgi da inshora da harajin kwastan da na mota daga tashar ruwa zuwa Kano, ya ga nawa yadi ɗaya ya tsaya masa, ya kuma ga yadda lissafin zai koma idan dala ta tashi kafin kaya su iso. Tangaraho ya koma imel, kuma har yanzu gajeren saƙo mai bayyana adadi da farashi da rana shi ne mai amfani. Takardar lodi tana nan, sai dai ita da Fom M da mai shigo da kaya ke cikewa ta banki duk ta intanet ake bin su.

Littafin kalmomin sirri na kamfanoni shi ma yana da magaji. 'Yan damfara kan kutsa cikin imel ɗin kamfani su aiko da sabuwar lambar asusu, ɗan kasuwa ya tura miliyoyi inda ba za su dawo ba. Wasu kan nuna saƙon shigar kuɗi na bogi su kwashi kaya. Maganin bai wuce kalmar sirri mai ƙarfi ba, da kiran abokin ciniki a lambar da aka sani kafin a tura kuɗi, da duba asusu a manhajar banki kafin a saki kaya.

Sai kuma adana bayanai. Gobarar da ta cinye babban ɓangare na kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba kaya kaɗai ta ci ba, ta haɗa da littattafan bashi da rasit na shekaru. Wanda ya ajiye kwafin lissafinsa a intanet zai iya sanin wa yake bi, wa ke bin sa, ko da shago ya zama toka. Haka nan shaguna da yawa kan mutu tare da masu su, saboda lissafin duka yana cikin kan maigida, magada su tashi ba su san ta inda za su kama ba.

Kayan aiki dai ba sa maye gurbin hali. Kamfanonin Turawa sun riƙa damƙa wa Ɗantata kuɗi masu yawa tun kafin su ga buhu ɗaya, saboda sun san lissafinsa zai fito daidai, yaransa na ƙauye kuma sun san ba zai tauye musu haƙƙi ba. Da ilimin allo ya fara, amma duk sabon abin da zamaninsa ya kawo, daga jirgin ruwa zuwa banki, bai tsaya yana kallonsa daga nesa ba, ya koye shi ya sa shi aiki.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya kyautata makwancinsa.